In Sayi Allurar Rage Ƙiba a Ɓoye da Kuɗin Adashina?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 34, 'ya'yana uku, ƙaramin na yaye shi bara. Ina budurwa siririya ce ni ƙwarai har ana tsokanata, shi ya sa gab da bikina ƙawaye suka haɗa ni da sha-ka-fashe, na sha kusan wata huɗu. Tun daga nan jikina ya buɗe, kowace haihuwa sai na ƙaru. Yanzu nauyina kilo 104, tsawona mita 1.62. Gwiwoyina suna ciwo, wani lokaci a zaune nake sallah, kuma an ɗora ni a kan maganin hawan jini. Na sha rage abinci, in yi sati biyu ko uku, sai yunwa ta hana ni sukuni in koma ruwa. Yanzu wani shayin rage tumbi nake sha da na saya a intanet. Yana kashe mini yunwa, amma zuciyata tana bugawa da sauri, bakina yana bushewa, barci ya ƙaurace mini.

Wata ƙawata tana kawo allurar Ozempic daga Dubai. Ta ce narkar da kitse take yi, wai a wata ɗaya zan zubar da kilo goma. A cikin wani abu mai kama da alƙalami allurar take zuwa, alƙalami ɗaya naira dubu 180, yana yin wata guda. Kwasar adashina ta kusa, za ta isa na wata uku. Maigidana ya ce ba magani nake buƙata ba, in kama bakina kawai, kuma yana son mu ƙara haihuwa. Mahaifiyata kuwa cewa take jikin hutu ne, in bar shi yadda yake. Ina tunanin in saya ba tare da ya sani ba. Don Allah yaya allurar nan take aiki a jiki? Kuma da gaske ne ni ce ba ni da haƙuri?

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a. Kafin mu je ga allura, akwai abin da ya fi ta gaggawa a wasiƙarki, wato shayin nan. Ki ajiye shi yau, kada ki ƙara ko kofi ɗaya. Bugun zuciya da sauri, bushewar baki da rashin barci alama ce mai ƙarfi cewa ba ganye kaɗai ke cikin kwalin ba. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama, har da ta Amurka, sun sha gano wani magani mai suna sibutramine a ɓoye cikin shayi, kofi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallata su da sunan na ganye. An janye sibutramine daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010, bayan wani bincike a kan mutum kusan 10,000 ya nuna yana ƙara haɗarin ciwon zuciya na farat ɗaya da shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan tsofaffin magungunan suna kashe yunwa ne ta hanyar ɗaga sinadaran da jiki ke saki idan mutum ya firgita. Wanda ya firgita ba ya jin yunwa, amma zuciyarsa tana gudu, jininsa yana hawa, idonsa ba ya rufuwa. Ɗan uwansu phentermine, wanda ake amfani da shi tun 1959, har yau na 'yan makonni kawai aka amince likita ya rubuta shi, kuma ba a ba wanda hawan jininsa bai daidaita ba. Ke da kike kan maganin hawan jini, wannan shayin yana warware aikin da maganinki ke yi ne kullum. Kada ki jefar da kwalin, ki riƙe shi ki nuna wa likita.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi taɓa mini zuciya, kuma amsarta ita ce mabuɗin fahimtar allurar. A'a, ba rashin haƙuri ke damun ki ba. Yunwa da ƙoshi saƙonni ne da jiki ke aikawa ƙwaƙwalwa ta cikin jini da jijiyoyi. Idan tumbi ya zama fanko yana sakin wani sinadari mai suna girelin, shi ne ke sa ki ji ciki na ƙugi. Kitsen jiki kuma yana sakin wani mai suna leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ake da ita. Duk suna haɗuwa a wani ɗan yanki da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, a nan ake yanke hukuncin ko a ci ko a dakata. Da zarar kin rage abinci nauyi ya fara sauka, girelin sai ya ƙaru, leptin ya ragu, jiki kuma ya rage yawan kuzarin da yake ƙonawa, domin shi a wurinsa fari ne ya shigo. Bincike ya nuna wannan canjin yana nan har bayan shekara guda da rage nauyi. Yunwar da ke kayar da ke a sati na uku ta gaske ce, ta fi wadda kika fara da ita ƙarfi, kuma haka take kayar da mafi yawan mutane a ko'ina.

Ke kanki kin taɓa ganin hujjar wannan a jikinki. Abin da ake haɗa wa 'yan mata da sunan sha-ka-fashe galibi cyproheptadine ne, maganin ƙaiƙayi da mura, ko dexamethasone, ko duka biyun. Na farkon yana taɓa wannan yanki na ƙwaƙwalwa ya buɗe ci. Na biyun yana buɗe ci, ya tara kitse a fuska, ciki da bayan wuya, ya riƙe ruwa a jiki, ya ɗaga sukari da hawan jini. Halinki bai canza ba a watannin nan huɗu kafin biki, ƙwaya ce ta murɗa yunwar ta yi sama. Ba na faɗa don ki zargi kanki ba, yarinya ce ke a lokacin, kuma mutane ne suka matsa miki da baki. Amma ki gaya wa likita kin taɓa sha, yana cikin tarihin lafiyarki.

To allurar fa? Ba ta narkar da kitse, ko kaɗan ba ta taɓa shi kai tsaye. Duk lokacin da abinci ya isa hanji, hanjin yana sakin wani sinadari mai suna GLP-1. Ki ɗauke shi a matsayin ɗan aike mai saƙo uku. Yana zuwa ga gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ya ce a saki insulin tunda sukari ya shigo. Yana ce wa tumbi ya sassauta, kada ya yi saurin tura abinci gaba. Sannan ya isa ƙwaƙwalwa ya ce an ƙoshi. Sai dai ɗan aiken da jiki ke yi da kansa ba ya wuce kamar minti biyu a cikin jini kafin a rushe shi. Abin da masana suka yi shi ne ƙera mai kama da shi wanda ba ya rushewa da wuri. Na farko da ya shigo kasuwa a 2005 an samo asalinsa ne daga yawun wani ƙadangare mai dafi da ke hamadar kudu maso yammacin Amurka, ikon Allah. Semaglutide, wanda shi ne maganin da ke cikin Ozempic, yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, shi ya sa sau ɗaya a mako ake yin allurar a fatar ciki, cinya ko damtse. Ɗan aiken sai ya zauna a ƙofar ƙwaƙwalwa dare da rana yana maimaita cewa an ƙoshi.

Abin da mai amfani da ita ke ji shi ne ta ci rabin malmala ta ji ta cika, ƙoshin ya daɗe, kuma tunanin abinci da kwaɗayin zaƙi da maiƙo su lafa. Tunda abin da ke shiga ya ragu, sai jiki ya koma kan ajiyarsa. Rage cin ne ke sauke nauyin, allurar tana sauƙaƙa shi ne kawai. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne ke yin ta. Ozempic an amince da ita a Amurka a 2017 domin masu ciwon sukari. A 2021 aka fito da maganin guda da sunan Wegovy, mai ƙarfin miligiram 2.4, domin rage ƙiba. Akwai kuma tirzepatide na kamfanin Eli Lilly, wanda ake sayarwa da sunan Mounjaro, shi sinadarai biyu na hanji yake kwaikwaya a lokaci guda.

Tana aiki, wannan gaskiya ne, kuma ba zan rage mata daraja ba. A babban binciken da aka wallafa a 2021 a kan mutum 1,961, waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa kashi 2 da ɗoriya. Amma ki lura da tsawon lokacin: mako 68, wato shekara ɗaya da kusan wata huɗu, tare da gyara abinci da motsa jiki. A jiki irin naki wannan ya kama kilo 15 ko 16. Kilo goma a wata ɗaya zancen talla ne. Sannan da aka bi wasu daga cikinsu shekara guda bayan sun daina, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Dalilin a fili yake, magani ya bar jini, yunwa ta koma inda take. Likitoci suna kallon ta ne kamar yadda suke kallon maganin hawan jininki, abin da ake daɗewa a kai.

Yanzu ki ɗora lissafin adashinki a kan wannan. Ba a fara allurar da cikakken ƙarfi. Da miligiram 0.25 ake farawa, ana ƙarawa duk bayan mako huɗu domin ciki ya saba, kuma sai an yi mako 16 kafin a kai ƙarfin da aka yi binciken da shi. Kuɗinki na wata uku ne, naira dubu 540. Za su ƙare kafin ki kai matakin da maganin ke cikakken aiki. Ki sha tashin zuciyar farko, ki ga kilo huɗu ko biyar sun sauka, kuɗi su yanke, nauyin ya dawo, ki zauna kina ganin laifin kanki a karo na babu adadi. Wannan nake jiye miki fiye da asarar kuɗin.

Illolinta ma daga yadda take aiki suke fitowa. Tunda tumbi ya sassauta, kuma wurin da take taɓawa a ƙwaƙwalwa maƙwabcin cibiyar amai ne, fiye da mutum huɗu cikin goma a binciken sun yi fama da tashin zuciya, wasu da amai, gudawa ko taurin bayan gida, yawanci a makonnin da aka ƙara ƙarfi. Saurin rage nauyi yana jawo duwatsu a matsarmama. Wasu ƙalilan sukan samu kumburin gaɓar nan mai samar da insulin, kuma ciwo ne mai tsanani. Ba a ba wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa yin wani nau'in kansar gaban wuya. Sannan ba kitse kaɗai ke tafiya ba, tsoka ma tana raguwa idan ba a cin abinci mai gina jiki ana motsa gaɓɓai.

Abin da ya sa na ce kada ki ɓoye wa maigidanki ya wuce batun biyayya ko zaman lafiya. Ba a yin wannan allura da ciki, kuma masu yin ta sun ce a daina aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki, saboda daɗewar da take yi a jini. Ga shi kuma mace mai ƙiba da zarar ta fara raguwa, al'adarta takan daidaita, ciki ya zo da sauƙi fiye da da. Shi yana neman ƙarin haihuwa, ke kina allura a ɓoye ba tare da tsarin tazara ba, ƙarshenta ciki ya shiga maganin yana jikinki ba wanda ya sani. Ko Mounjaro ce, ita ma ba a yi da ciki, har tana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ake sha a farkon farawa da duk lokacin da aka ƙara ƙarfi.

Na san kalmar "ki kama bakinki" tana da ciwo, musamman daga bakin wanda ya ga yadda kike kwana da yunwa. Kuskure ya yi, amma kuskuren da kusan kowa ke yi ne, domin wanda bai taɓa kokawa da wannan yunwar ba gani yake abu ne na yanke shawara kawai. Ta yiwu kuma tsoro ne a ƙasan maganar, tsoron illa ko tsoron kuɗi. Ki shiga masa ta ƙofar abin da yake so. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ce masa ke ma kina son haihuwar, amma ɗaukar ciki da kilo 104 da hawan jini yana ƙara haɗarin jijjigar masu ciki, ciwon sukarin ciki da tiyata, don haka kina roƙon shekara guda ki gyara jikinki, kuma kina so ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa. Akwai ƙarin dalili mai ƙarfi: wasu magungunan hawan jini, irin su lisinopril da losartan, suna cutar da jariri a ciki, dole a canza su kafin a ɗauki ciki. Ki duba sunan naki. Maza da yawa abin da ba su karɓa daga bakin matansu ba sukan karɓe shi daga bakin likita, abin takaici ne amma ki yi amfani da shi.

Mama kuwa ƙauna ce ta sa ta faɗi haka. A zamaninsu cikar jikin matar aure shaida ce cewa ana kula da ita, rama kuma sai a fara tambayar ko lafiya. Kada ki yi gardama da ita a kan kyau ko sura. Ki ce mata, "Mama, so nake in riƙa sujada ba tare da gwiwa ta hana ni ba." Ba na jin za ta ja da wannan.

Ƙawarki mai yiwuwa da zuciya ɗaya take yi, amma akwai abubuwa biyu da ba ta da ikon tabbatar miki. Na farko ingancin abin da ke cikin alƙalamin. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil, Birtaniya da Amurka. Kafin nan, a 2023, an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi allurar jabu da ake zaton insulin aka zuba a ciki, sukarinsu ya faɗi warwas. In jabu ya iya kutsawa waɗannan ƙasashe, jakar matafiya ba za ta gagare shi ba. Na biyu sanyi. Alƙalamin da ba a fara ba a firji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare, kuma ko an fara amfani da shi ba a so ya wuce digiri 30. Ki tuna zafin Zariya a watan Maris da Afrilu da yadda wuta take a gidajenmu. Ki gode mata, ki ce likita ya ce sai an yi gwaji tukuna, zumuncinku ya ci gaba. Kada garin neman gira a rasa ido.

A ma'aunin likitoci, wanda ke haɗa nauyi da tsawo, kina kan kusan 40. Daga 30 ake fara duba yiwuwar ba da magani, ko daga 27 idan akwai hawan jini ko sukari. Kin cancanci a zauna da ke a yi wannan magana da gaske, babu abin kunya a neman magani. Ga ki kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki nemi likitan da ke duba hawan jininki ya tura ki sashen masu ciwon sukari da cututtukan sinadaran jiki. A gwada sukarinki na wata uku, ƙoda, hanta, kitsen jini da ƙullin gaban wuya, a kuma tabbatar ba ki da ciki. Wani ɓangare na adashin ya tafi nan. Idan aka ga sukarinki ya fara hawa, likita na iya ɗora ki a kan metformin, tsohon magani mai araha da ke ɗan rage ci. Akwai kuma orlistat, wanda ba ya taɓa yunwa, hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci yake yi, sai dai in an ci maiƙo da yawa bayan gida yakan zo da mai ba shiri.

Ko da allura ko babu, kada ki raina kilo shida ko bakwai. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon sukari da aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kilo bakwai ke nan a wurinki, kuma gwiwa da hawan jini za su shaida. Dabarar ita ce ki daina yaƙar yunwa da horon kai, ki riƙa cin abin da ke sa hanjinki sakin nasa sinadarin ƙoshin. Wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, zogale, rama da kabeji suna daɗewa a ciki. Ki fara da su, tuwo ko shinkafa su biyo baya kaɗan. Abin sha mai zaƙi shi ne babban ɓarawo, domin lemon kwalba, zoɓo da kunu masu sukari, da shayi mai kauri suna shiga ba tare da ƙwaƙwalwa ta lissafa su a matsayin abinci ba. Ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda jininki, ki daina share ragowar kwanon yara. Barci ma magani ne a nan, ƙarancinsa yana ɗaga girelin, don haka shayin da ya hana ki barci yana ƙara miki yunwar gobe ne. Tafiya kuma ki fara da minti goma bayan cin abinci, ko a tsakar gida ne, ki riƙa ƙarawa gwargwadon yadda gwiwa ta yarda.

Idan bayan gwaji likita ya ga allurar ta dace, kuma ke da maigida kun lissafa kun ga za ku iya ɗaukar nauyinta aƙalla shekara guda tare da tsarin tazara, to ki yi da kwanciyar hankali. Ki saya a babban kantin magani mai rajista da ke da firji da wuta tsayayya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki karɓi rasit. Ki ci kaɗan-kaɗan, ki guji soye-soye a kwanakin farko, ki yawaita ruwa. In kika ji ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idonki ya yi rawaya, asibiti za ki nufa a ranar, domin ƙarancin ruwa tare da maganin hawan jini yana iya taɓa ƙoda. In za a yi miki tiyata ko wani aikin da ake sa barci, ki sanar da su kina kan allurar, tunda abinci yana daɗewa a tumbi. Kada kuma ki fara ta ko a ƙara miki ƙarfi ana gobe azumi. Ku tsara da likita yadda watan Ramadan zai same ki a matakin da cikinki ya riga ya saba da shi, ki mayar da lokacin yin allurar bayan buɗa-baki, ki sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur.